Cikin da Gwaggo Ta Ce Ya Kwanta

Ina farawa da gode wa Allah da ya bar min hankalin da zan zauna in rubuta wannan da hannuna, ko da yake hannun yana ɗan rawa. Sunana Zulai. Ina aure a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ƙofar gidanmu tana kallon kanal ɗin ban-ruwa. Na daɗe ina son in faɗi abin da ya same ni, kunya tana hana ni. To kunyar nan ce ta kusa halaka ni, don haka yau na ajiye ta gefe. Idan akwai mace a gidanku da ke shan maganin ƙwaƙwalwa, ku karanta mata, ku ma ku karanta wa kanku.

Sana'ata turara shinkafa. 'Yan kasuwa su kawo shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, buhu-buhu, in jiƙa, in turara a duro, in shanya a tamfol, su zo su kwashe su kai inji. Aiki ne na wuta da ɗaukar nauyi, kuma ba yabon kai ba, na iya shi. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana Malam, da mahaifiyarsa. Ita ƙanwar babana ce, shi ya sa nake ce mata Gwaggo. Innata ta rasu tun ina ƙarama, Gwaggo ta zame min uwa tun kafin ta zama suruka. Malam kaɗai ya rage mata a cikin abin da ta haifa. Mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. An sha zuga Malam ya ƙara aure, sai ya ce surutun wadda yake da ita ma ya ishe shi. Gwaggo ba ta taɓa yi min gori ba. Sai dai duk ranar da ake suna a unguwa, takan dawo da wuri ta ce kanta ke ciwo.

Ciwon ya fara min da kaka, lokacin da aiki ya fi yawa. Ina tsaye bakin duro sai na ji mata biyu suna magana a bayana. Ɗaya ta ce, "Ga ta nan, ta ɗauki ƙwarya." Ɗayar ta ce, "Ai ba ta iya ba." Na waiga, babu kowa sai kaji. Da farko ba zagina suke ba, duk abin da na yi ne sai sun faɗa. In na zauna su ce ta zauna, in na shiga bayi su biyo ni. Daga baya suka fara ce min an zuba guba a ruwan jiƙo. Ban yi shakka ba ko kaɗan, don yadda nake jin muryar Gwaggo haka nake jin tasu. Ranar da na tuntsurar da shinkafar wani ɗan kasuwa gaba ɗaya a kwata, ina ihu kada kowa ya ci, ranar kowa ya san ba lafiya ba.

Shawara kuwa mun sha ta. Wannan ya ce iska ce na gamu da ita a bakin ruwa, wancan ya ce sammu ne daga abokan sana'a. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi har idona ya kumbura, na sha rubutu. Ban raina ko ɗaya ba, duk da kyakkyawar niyya aka yi. Amma matan nan biyu ba su matsa ko nan da can ba, har tsokaci suke yi a kan karatun mai ruƙiyyar. Sai da yayata Hansai, da ke aure a Kano, ta zo ta gan ni a ƙuryar ɗaki na daina wanka, ta ce wa Malam ko ya kai ni asibiti ko ita ta kai ni.

Muka fita da sassafe, adaidaita zuwa Kura, mota zuwa Kano. Muka tarar da layi kamar ana rabon taki. Sai bayan azahar muka ga likita. Ya yi ta tambaya, ya saurare ni har ƙarshe, bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce ciwon yana da suna, sikizofireniya. Da muka fito Malam ya ce, "Wannan ai sunan maganin feshi ne." Shi abokin wasana ne tun muna yara, ba ya iya barin tsokana ko a asibiti. Aka yi min allura, aka ba mu ƙwayoyi, aka ce mu riƙa dawowa duk wata.

Bari in faɗi alherin maganin kafin in kai ƙararsa. Ya kori matan nan. Ba rana ɗaya suka tafi ba. Sun fara yin nisa kamar rediyon maƙwabta, sannan wata safiya na farka na ji babu abin da nake ji sai tsintsiyar Gwaggo a tsakar gida. Wanda bai taɓa rasa shiru a cikin kansa ba, ba zai san daɗin wannan ba.

Amma tun satin farko jikina ya fara zama ba nawa ba. Wuyana ya sandare, wata rana ya karkace gefe ya ƙi dawowa, harshe ya cika min baki. Muka koma a guje, aka ƙara min wata ƙaramar ƙwaya fara. Ta saki wuyan, ta busar min da maƙogwaro, ta sa ina gani dishi-dishi. Hannuna ya kama rawa, in na ɗauki kofi sai rabi ya zube. Abin da ya fi ci min rai ƙafafuna ne. In na zauna sai su ce tashi, in na tashi jiki ya ce ba zai iya ba. Haka zan wuni ina kai-kawo daga ƙofar ɗaki zuwa madafi, ina jan ƙafa, miyau na zubo min ban sani ba sai Gwaggo ta miƙo min gefen zane.

Na gwada komawa bakin duro. Wutar da nake wuni a gabanta a da, yanzu in na ɗan tsaya sai jiri ya kwashe ni. Barci kuma ba ya sakina sai rana ta take, shanya ta wuce ni. Masu kawo shinkafa suka janye ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan, wanda ba a gani daga waje. Daɗi ya daina yi min daɗi, baƙin ciki ya daina yi min ciwo. Malam zai yi tsokanarsa, na san abin dariya ne, na san inda ya kamata in rama, amma kafin maganar ta taso daga cikina ta iso baki, har ya gaji ya fita. Aka yi rasuwar wata ƙawata da muka tashi tare, na je gaisuwa na zauna kamar turmi, ko ɗigon hawaye babu. Ina nan a ciki, ina ganin kowa, ina jin komai, amma kamar an rufe ni a ɗaki an tafi da mukulli. Su kuwa masu zuwa dubiya sai su ce, "Alhamdulillahi, Zulai ta samu sauƙi. Dubi yadda ta natsu, har ƙiba ta yi." Ƙibar gaskiya ce, don yunwa ba ta barina, na cika na batse har rigunana suka daina shiga. Natsuwar ce ba su gane ba. Na so in ce musu ba natsuwa ba ce, ɗauri ne, amma na lura sun fi son wannan Zulan da ta da.

A haka azumi ya zo. Ina shan maganin bayan buɗa-baki, na kai azumina cif har aka ga wata. Washegarin salla muna tsince wake, Gwaggo ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Zulai, bana ban ga kin sha ko ɗaya ba."

Na ce, "Allah ne ya ba ni iko, Gwaggo."

Ta ce, "Ba wannan nake tambaya ba. Yaushe rabonki da fashin salla?"

Na shiga lissafi. Kaina ya yi nauyin da ban ma lura ba. Tun wajen sanyi rabona da ganin jini. Ta ajiye faifan ta ƙura min ido, daga fuska har ciki. Sai ta nuna gaban rigata. Ya jiƙe. Na daɗe ina ganin haka ina ɗauka zufa ce. Ta ja ni ɗaki ta ce in matsa ta gani, na matsa, ga nono fari tas. Gwaggo ta durƙusa a wurin ta kai goshinta ƙasa. Da ta ɗago tsohuwar nan kuka take kamar yarinya.

Malam ya sayo abin gwajin fitsari a kemis. Ya nuna babu komai. Aka sake, babu. Sai Gwaggo ta aika aka kira ungozomar garinmu, tsohuwa ce da ta karɓi haihuwar rabin mutanen unguwa. Ta kwantar da ni ta daddanna min ciki, ta duba nonon, ta ce, "Ciki ne, amma kwanciya ya yi. Kwantacce ba ya fitowa a fitsari." A wajenmu wannan ba baƙon zance ba ne. Kowa zai iya nuna maka gidan da aka ce ciki ya kwanta wa wata shekara da shekaru, ranar da Allah ya so ya tashi ta haife shi.

Gwaggo ta ce, "Me ya kwantar da shi?"

Ungozoma ta kalli ledar magungunana a kan taga ta ce, "Abin da ya kwantar da uwarsa. Ita babba ma ba ta iya ɗaga kai, bare ɗan tayi."

Za ku ce me ya hana ni tambayar likita. Na je asibiti bayan wannan, na bi layi na wuni. Wanda muka samu ranar yaro ne, bai wuce sa'an ƙanena ba, ga mutane a bayan ƙofa suna leƙe. Ya ce, "Kina jin muryoyi? Kina barci? Kina cin abinci?" Na ce a'a, e, e. Ya rubuta, ya ce mai bi ya shigo. Ta ina zan fara ce wa namiji jinina ya ɗauke, nono na zuba, ga mijina zaune a gefe? Shi bai tambaya ba, ni ban faɗa ba. Tun ranar da aka fara ba ni maganin nan babu wanda ya ce min yana iya taɓa wannan wajen. Wannan ƙorafin har yau ina da shi.

Gwaggo ba ta tilasta ni ba, ina so a san wannan. Zama ta yi kusa da ni ta ce, "'Yar nan, ni ba likita ba ce. Amma da za mu ɗan ɗaga wa maganin nan ƙafa, yaron ya samu ya motsa, in ya tashi sai ki koma. Ai kin warke, ko?" Malam ya sosa ƙeya ya ce mu dai bi a hankali. Na ga idonsa, na san shi ma yana so. Ni kuwa biyu nake so: ina son ɗan, ina kuma son in fito daga ɗakin nan da aka kulle ni. Gwaggo ta ɗauke ledar ta kai ɗakinta. Ranar allura ta zo ta wuce ba mu je ba. Ba mu gaya wa Yaya Hansai ba, don mun san abin da za ta ce.

Wallahi ba zan ɓoye muku ba, makonnin da suka biyo baya sun fi kowane lokaci daɗi a rayuwata. Jikina ya saki. Na fara tashi da asuba da kaina. Na ji ɗanɗanon miyar kuka kamar ban taɓa sha ba. Malam ya ce na yi ƙiba kamar buhun shanshera, na ce gara ni, shi buhun da aka zazzage ne, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tsaya yana kallona ya ce, "Zulai, ashe kina nan." Na karɓi aikin buhu biyu na turara. Gwaggo ta hana ni ɗaga duro. Ta fara dama min kunu, ta ciro wasu tsofaffin zannuwan goyo daga adaka ta wanke ta shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani. Kullum da yamma sai ta ɗora hannu a cikina ta ce, "Ya motsa?" Wata rana na ce ya motsa. Har ga Allah na ji wani abu.

Barci ne ya fara guduwa. Sannan wata ranar kasuwa ina wanke-wanke na ji an ce, "Ga ta nan, ta ɗauka mun tafi." Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Ban gaya wa kowa ba, don na san in na faɗa za a dawo da ledar, yaron ya koma barci. Na daure ina murmushi, su kuwa suna ƙara matsowa. Wannan karon ba ruwansu da shinkafa, cikin suka sa a gaba. Suka ce ungozoma ta riga ta sayar da shi. Suka ce kunun Gwaggo na zubar da shi ne. Na daina cin duk abin da hannunta ya taɓa. Matar da ta goya ni, na kalli tsabar idonta na ce mata mayya.

Lokacin an shiga dashen shinkafa. Wata rana da tsakar rana matan nan biyu suka ce in kai yaron cikin ruwa, can ne kaɗai ba za a gan shi ba. Na fita ba mayafi, na tsallaka kanal, na shiga gonar Malam da aka gama dasawa, na zauna daɓas a cikin taɓo na rungume cikina. Masu dashe a gonar maƙwabta suka gan ni. Maza huɗu ne suka iya fito da ni, ina cizo ina yakushi, rabin gari na tsaye a kan kunyar gona suna kallo. Wannan ba labari aka ba ni ba, ina tune da komai, har fuskokinsu.

Aka kwantar da ni a asibiti. Kwanciyar nan ita ta ci injin ban-ruwan Malam, sai da aka sayar da shi. Yaya Hansai ce ta yi jinyata, tana yi tana faɗa, tana share min baki tana cewa ba za ta yafe wa kowa ba. Da na fara dawowa hayyacina, wata likita mace ta zo zagaye. Na riƙe mata hannu na ce kada su yi min allurar da za ta kashe min ɗa. Ta ja kujera ta zauna, ta kori kowa, ta ce in ba ta labari daga farko. Ta sa aka yi min hoton ciki da gwajin jini. Da sakamako ya fito ta zo da kanta, ta kira Malam ya tsaya.

Ta ce, "Zulai, babu ciki. Ba a taɓa yin sa ba. Maganin nan yana yaudarar jikin wasu matan. Sai jiki ya ɗauka shayarwa ake yi, ya ɗauke jini, ya kawo nono. Ba ke kaɗai ba ce. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Ba a tambaye ni ba."

Ta ce, "Gaskiyarki."

Malam ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali ba lokacin salla ba ne. Ni kuwa allura ta riga ta mayar da ni ɗakin nan da ake kulle ni. Na ji maganar, na gane ta, na san ita ce mafi muni da aka taɓa faɗa min, amma na zauna ina kallon bango kamar an ce min gishiri ya ƙare.

Likitar ta canja min magani. Ta ce wannan bai cika taɓa jini ba, kuma in ina neman haihuwa in zo mu tsara tare, amma kada in sake dainawa da kaina, don kowace dawowa ciwon yakan fi wahalar kwantarwa. Sabon ya fi tsada, ba kullum ake samunsa a Kura ba, sai Yaya Hansai ta nemo a Kano ta ba direba. Sabon maganin ma ba kyauta yake aikinsa ba. Rawar hannu ta ragu, nauyin kai yana nan, dariyata takan zo amma a makare. Na tambayi likitar sai yaushe zan daina. Ta ce, "Mu dai ci gaba tukuna." Na gane amsar. In na sha, rabina ne ke yawo a gidan. In na bari, na san su waye ke jirana.

Da muka dawo gida Malam ya yi wa Gwaggo bayani, ya maimaita, har hoton ya nuna mata. Ta juya shi sama da ƙasa ta miƙa masa, ta ce na'ura ba ta ganin kwantacce. Ba ta sake maganar in daina magani ba. Ba ta kuma taɓa tayar da abin da na kira ta da shi ba, ko da na durƙusa ina neman gafara cewa ta yi ba ni ba ce. Amma zannuwan goyon ba ta mayar da su adaka ba.

Bayan an yanke shinkafa, wata safiya jini ya zo. Ya zo da yawa, da ciwon mara, kamar yadda likita ta ce zai iya yi. Na san alama ce ta jikina ya dawo daidai. Ina wanke zanena a bayan ɗaki Gwaggo ta zagayo ta gani. Ta tsaya. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya fita."

Na buɗe baki in ce mata babu abin da ya fita, Malam ya girgiza min kai daga inda yake tsaye. Gwaggo ta juya ta nufi madafi. Ta haɗa itace, ta ɗora babbar tukunya, ta karyo ganyen darbejiya. Ta ce ɓari ma haihuwa ce, ba za ta bar ni da ɗanyen jiki ba. Ta zaunar da ni a bayi, ta tsoma ganyen a tafasasshen ruwa tana fyaɗa min a baya, tana cewa, "Sannu 'yar nan. Allah ya sa mai ceto ne. Sannu." Ina zaune ana yi min wankan jegon ɗan da ba a taɓa halitta ba. Sai na ji wani abu ya ɓalle a ƙirjina, kukan da ya ƙi zuwa a asibiti ya zo. Na yi kukan yaron nan kamar na taɓa riƙe shi. Na san babu shi, amma na yi wata da watanni ina masa magana, kuma na ji ya motsa.

Da magariba ta yi ina kwance a ɗaki, na ji ta ɗaga labule. Kofin ruwa ne a hannunta ɗaya, ɗayan a dunƙule. Ta zauna bakin gado ta buɗe tafinta, ga ƙwayar. Har zuciyarta ta yarda wannan abin ne ya kashe mata jikan da ta yi shekaru tana jira. Ba ta iya kallonsa ba, ta kawar da kai wajen bango.

Ta ce, "Karɓi ki sha. Shi ya riga ya tafi. Ke ce a hannuna."

Na karɓa na haɗiye. Ta zauna tare da ni har nauyin maganin ya sauko min.